Daga Hannun Wanzami Zuwa Alƙahira

Laifina ne. Gara in faɗi wannan tun farko, kafin in shiga zancen jirgi da dogayen benaye. Tun da muka dawo daga Masar, babu inda zan zauna, ko a majalisarmu ta Ruwan Godiya ko a layin hatsi na kasuwar Ƙanƙara, ba a ce mini, "Malam Haruna, ba mu labarin Alƙahira" ba. Sai in ba su labarin abinci da na motoci, a yi dariya, wani ya ce Allah ya ƙaro mana mazaje irinka. Wannan addu'ar ita ta hana ni sakat. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma zan rubuta tafiyar yadda ta kasance, har da inda ba na faɗi a majalisa.

Matata Laure ɗiyar mutanen Sabuwa ce, ita ce uwar 'ya'yana duka. A da, kafin rana ta take, ta matse man gyaɗa ta soya ƙuli-ƙulinta, ta kuma ɗora sanwar rana. Sai abu ya fara a hankali. Ta ce ƙasusuwanta na mata ciwo. Ta riƙa shan ruwa kamar ba ta taɓa sha ba, tana zagayawa fitsari ba iyaka. Ta sa gishiri a miya sau biyu, ko ta manta gaba ɗaya. Wani lokaci in shigo in iske ta zaune ta ƙura wa bango ido, turmi na gabanta ba ta taɓa shi ba. Ni kuwa ba na ganin kumburi, ba na ganin zazzaɓi, sai na yanke cewa son jiki ne. Ban tsaya a zuciyata ba. Ranar sunan ɗan ƙanena, gida cike da mata, na tsaya bakin ƙofa na ce da ƙarfi, "Ku bar lallashinta, Laure ba ciwo take ba, ragwanci ne." Wasu suka yi dariya. Ita ba ta ɗago ba.

Da ciwon gefen ciki ya kayar da ita, muka je asibiti a Funtuwa, aka ce tsakuwa ce a ƙoda. Likitan bai tsaya nan ba, ya aika jininta wani babban asibiti, da sakamakon ya dawo ya zaunar da ni. Ya ce a cikin wuyan kowane mutum, bayan inda maƙoƙo ke fitowa, akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa. Aikinsu su daidaita sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Ɗaya daga cikin na Laure ta kumbura ta yi gaban kanta, tana zuƙe sinadarin daga ƙashi tana zubawa cikin jini, jinin kuma yana kai wa ƙoda har ya zama tsakuwa. Ciwon ƙashin, ƙishirwar, mantuwar, zaman shirun, duk daga nan suke. Maganin kuma, a tsaga wuya a cire ta.

Daga duk bayanin nan abu biyu na riƙe: wuya, da wuƙa. Na ce a raina, inda muke sa wa rago wuƙa nan za a sa wa matata? Na fito ban ko yi masa sallama ba. A hanya ina bisa babur sai dabara ta zo mini. Ciwo dai an ce a wuya yake, ƙaramin abu ne ya kumbura. To mene ne ƙaramin abin da ke kumbura a wuya ya hana mutum lafiya in ba beli ba? Ai mun san shi tun kakanni, kuma muna da mai cire shi.

Na kira Sarkin Aska, wanzamin da ya cire wa 'ya'yana duka nasu. Dattijon ya danne mata harshe da ɗan icensa, ya leƙa, ya ja baya.

"Malam Haruna, belin ga lafiya lau yake. Bai sauko ba, bai yi ja ba."

"Likita ya auna ya ce a wuya ne. Kai dai yi aikinka."

"Ni dai ban ga abin cirewa ba."

"Halan tsufa ya fara taɓa idon?"

Wannan maganar ta sa ya buɗe zabira. Laure ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Malam, ba haka likitan ya ce ba." Na ce ta buɗe baki. Ta buɗe.

Ta zubar da jini mai yawa. Ta daɗe ba ta iya haɗiye komai sai ruwan koko. Tana cikin wannan rashin ƙarfin ne, wata safiya za ta tsallake dokin ƙofa, ƙafa ta goce, ta zauna a ƙasa. Zama kawai ta yi, ba faɗuwar kirki ba, amma ƙashin ƙugunta ya karye, domin ciwon ya riga ya cinye shi daga ciki kamar rumbun da gara ta shiga. Aka yi ɗori, ya kama a karkace. Daga ranar Laure ba ta ƙara yi mini musu ba, ba ta kuma ƙara yi mini hira ba. "To." "Sannu da zuwa." "Ga abinci." Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan.

Damina ta wuce, wata ta shigo. Sai yayanta Alhaji Mudi ya zo daga Sabuwa. Bai zauna kan tabarmar da na shimfiɗa masa ba.

"Ban zo neman izininka ba, Haruna. Na yi magana da likitoci. Sun ce ana yi a ƙasar nan, amma na san wanda aka yi wa a Masar da 'yar ƙaramar tsaga, can za ta. Ni zan ɗauki abin da zan iya, kai ka sayar da shanun huɗarka."

Na ce, "To, Yaya, Allah ya kai ku lafiya."

"Wa ya ce maka ni zan kai ta? Kai za ka tura ta a keken marasa lafiya da hannunka."

Haka tafiyar ta samo asali. Duk wanda ya ce ni na yi tunanin kai ta, bai san zancen ba.

Mun bar gida da hantsi, tunda yanzu ba mai bin hanyarmu da sassafe ko da yamma. An kwantar da kujerar gaba an sa mata filo. Daga Sheme zuwa Ƙanƙara kowane rami motar ta faɗa sai in ga ta damƙe gefen kujera. Direban, wani mai surutu, yana ta ba da labarin inda aka tare wane da inda aka saki wane, har na ce masa ya kunna rediyo. A wani shingen jami'an tsaro, ɗaya ya leƙo ya tambayi inda za mu. Da direba ya ce Masar, sai ya dubi tayoyin motar ya ce, "Da wannan?" Kowa ya yi dariya, har gefen bakin Laure ya ɗan motsa. Muka bi ta Malumfashi da Gwarzo, muna tsayawa a kai a kai don ta zagaya. A kowane tsayawa sai direba ya roƙi wata mata a gidan bakin hanya ta zo ta kama ta. Ni ina tsaye can nesa ina duba waya, kamar ba tare muke ba.

A Kano muka sauka gidan wani abokin cinikin Alhaji Mudi. Matan gidan suka cika mana jaka da kuka da kuɓewa busassa da yaji da daddawa, wai wadda za ta sauke mu a can ta yi saƙo.

Filin jirgi shi ne wurin da na fara sanin cewa rigata da hulata ba su da wani amfani. Ka cire takalmi, ka cire agogo, ka ɗaga hannu. Wani ma'aikaci ya turo Laure a keke, ni na yi gaba yadda na saba, ina tafe tana baya. A cikin jirgi kuwa ba direba, ba matar bakin hanya. Da fitsari ya matse ta, ta jure har gumi ya keto mata, sannan ta ce a hankali, "Malam, ina son zagayawa." Na waiga ina neman mace. Wata Hajiya da ke bayanmu ta ce, "Malam, wa kake nema? Ba matarka ba ce?" Na tashi na kama ta, muka bi ta tsakanin kujeru tana jan ƙafa, mutane na kallo. Kunya ta rufe ni. A lokacin na ɗauka kunyar kama mace a gaban jama'a ce.

A Alƙahira, bayan an buga mana hatimi a fasfo, wani jami'i mai gashin baki ya ce in buɗe jaka. Ya zaro ƙullin kuka, ya murza garin a yatsa, ya dube ni da zargi. Ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci. Wallahi sai da ya ja da baya har ya buge teburin da ke bayansa. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina ya toshe hanci. Na tattaro ɗan Larabcin da na samu a makarantar allo na ce masa, "Haza ɗa'amun," wato wannan abinci ne. Suka fashe da dariya, ɗayan ya maimaita maganata da irin muryar mai huɗuba. Ya ɗaure ƙullin da kansa, ya yi mini alama da hannu in ɗauka in tafi da sauri.

Wadda ta tarbe mu ita ce Hajiya Asabe, wata Bahaushiyar Maraɗi da mijinta ya rasu a can, ta zauna tana sauke marasa lafiya daga ƙasar Hausa, tana raka su asibiti tana yi musu tafinta. Gajeriya ce mai faɗi, bakinta ba ya ajiye magana. Ta gan ni na fito gaba, Laure na baya a hannun ma'aikaci, sai ta ce, "Kai ne mijin ko kai ne mai ɗaukar jaka? Kama keken nan, a nan ba a ba da aron hannu kyauta."

Gidanta yana can saman wani dogon bene. Ana hawa da wani akwatin ƙarfe mai ƙofar raga, yana tafiya yana kuka. Duk shigar da zan yi sai na karanta abin da ya sawwaƙa. Mutanen nan ba su da tsakar gida, ba su da zaure. Mace za ta leƙo ta taga ta sako kwando da igiya, mai shago ya zuba mata burodi ta janye. Burodin ma faifai-faifai ne, a kai ake tallarsa bisa keke, cikin motocin da ba sa tsaya wa kowa. Da safe wake suke ci, dafaffe lugub da mai da lemun tsami. Akwai wani abincinsu da suka haɗa shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, kamar an share ƙasan rumfata bayan kasuwa ta tashi. Na ci don yunwa. Maza kuwa in sun haɗu sai su sumbaci juna a kumatu. Mai gadin benen ya nufo ni da haka, na tare shi da hannu biyu, Hajiya ta ce na ba ta kunya.

Ranar da za mu fara zuwa asibiti, akwatin ƙarfen ya ƙi motsi. Hajiya ta dubi matakala, ta dube ni.

"Goya ta."

"Hajiya, a gaban mutane?"

"Mutanen nan sun san ka ne? Ko kana jira in kira mai gadi ya goya maka?"

Na durƙusa, Laure ta kwanto a bayana. Ni mai hatsi ne, na san nauyin kaya da kafaɗata tun ina saurayi. Matar da ta haifa mini 'ya'ya, na miƙe da ita kamar na ɗauki buhun dusa. Ina sauka ina jin ƙasusuwan ƙirjinta a bayana. Duk shekarun nan gida ɗaya muke kwana, ban san ta ƙare haka ba. A wani hawa na tsaya, ta ɗauka gajiya na yi, ta ce, "Sannu, Malam. Sauke ni ka huta." Ban sauke ta ba.

Likitar mace ce, dattijuwa mai tabarau. Aka ɗebi jini. Aka shafa wa Laure wani mai sanyi a wuya aka bi da na'ura, hoton na fitowa a allo. Wata rana kuma aka yi mata allura, ta kwanta ƙarƙashin wata babbar na'ura ba motsi. Likitar ta nuna mana wani ɗigo mai haske a gefen hagu na hoton. Ta ce, ta bakin Hajiya, tunda sun ga ainihin inda take, ba sai an buɗe wuyan duka ana lalube ba. Za a yi 'yar tsaga daidai wurin, a ciro ta, a bar sauran ukun. Za a auna jini kafin a cire da bayan an cire, tun tana kan gadon aiki, in abin ya sauka an san an dace. Ta kuma ce akwai jijiyar murya a kusa, za su kiyaye ta, amma dole ta faɗa mana.

Saboda zancen muryar ne ta ce Laure ta buɗe baki. Ta haska, ta daɗe tana kallo, sannan ta yi tambaya.

Hajiya ta ce, "Wai ina belinta? Wa ya yanke shi, kuma yaushe?"

Kafin in haɗa kalma, Laure ta ce, "Tun ina jaririya aka cire. Haka ake yi a garinmu."

Hajiya ta fassara. Likitar ta dubi Laure ta saman tabarau, ta dube ni, ta yi rubutunta. Ni kuwa na zauna da babbar rigata, na bar mace mai karyayyen ƙugu ta yi ƙarya don ta rufa mini asiri.

Da muka fito, Hajiya ta bar Laure wurin masu awo ta ja ni gefe.

"Malam Haruna, ni ma an cire mini beli ina jaririya, na san yadda tsohon tabo yake. Likitar ma ta sani."

Na ce, "Ƙaddara ce, Hajiya."

"Ƙaddara ce ta kira wanzamin? Na sauke maza da yawa a gidan nan. Wasu sun zo da mata sun koma da mata, wasu sun koma da fasfo biyu mutum ɗaya. In kana da abin faɗi, faɗe shi tana ji."

Na ce mata na ji. Ban faɗa ba.

A wurin jira na asibitin akwai wani tsoho Bamisire da matarsa, ita ma aikin wuya za a yi mata. Yana ɓare mata lemu yana sa mata a baki, yana gyara mata mayafi, in ta yi masa faɗa sai ya kama hannunta ya sumbata ya ɗora a goshinsa. Da farko na kau da kai, na ce waɗannan ba su da ta ido. Da na ga Laure na kallonsu ba ta ko ƙiftawa, sai na rasa inda zan sa nawa idon. Tsohon ya miƙo mini rabin lemu, ya nuna Laure da haɓa. Na karɓa na miƙa mata a hannu. Ta ce, "Na gode," kamar yadda za ta ce wa baƙo.

Da safe aka shiga da ita. An sa mata rigar asibiti da hular leda, tana kan gado mai taya. A bakin ƙofar da ba a bari a wuce, ta ce a tsaya.

"Malam, ka yafe mini. Duk abin da na yi maka, da wahalar da na sa ka."

Ita ce ke neman gafarata. Ga Hajiya tsaye tana kallona, ga ƙofa a buɗe, ga maganar a bakina. Sai na ji kaina na ce abin da kowa ke cewa: "Ba komai. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ta rufe ido. Aka tura ta.

Na zauna a kan benci ina jan carbi ba tare da na san me nake ja ba. Abin da ke yawo a kaina ɗaya ne: in ba ta fito ba, na amshi ban haƙurin da ba na bin ta, na riƙe wanda take bina.

Ba a kira azahar ba likitar ta fito. Tana riƙe da 'yar kwalba, a ciki wani ɗan nama ja-ja, bai fi ƙwayar gyaɗa mai kyau ba. Ta ce jinin ya sauka yadda ake so, sauran ukun za su farfaɗo su kama aiki. Da aka bar ni na shiga, na iske Laure da 'yar filasta a gindin wuya, tsawonta bai kai ɗan yatsana ba. Babu jini a rigarta. Abin da na gudar mata ke nan. Na tuna ƙwaryar jinin da aka tara mata ranar wanzami. Ta buɗe ido ta ce, "Ruwa," da muryarta ta ainihi. Washegari aka sallame mu.

An gargaɗe mu cewa ƙashin da ya daɗe da yunwa zai riƙa zuƙar sinadarin da sauri, har jini ya rasa. Duk da haka, da ta ce leɓɓanta na mata kamar tafiyar kiyashi, yatsunta suka fara ƙagewa, na fita matakala ba takalmi ina kiran mai gadi da Hausa. Hajiya ta jawo ni ciki, ta ba ta ƙwayoyin da aka rubuta da kofin madara, ta buga wa likitar waya. Aka ƙara mata maganin, abin ya lafa.

Bayan 'yan kwanaki sai ga wata Laure da na manta da ita. Ta ce tana jin kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ka. Ta nemi tuwo. Ta zauna a kicin tana gyara wa Hajiya kaɗin miyar kuka, suna gardamar ko ta Maraɗi ta fi ta Sabuwa. Ina daga falo na ji dariyarta, irin mai ƙarfin nan da take yi tana amarya. Da na leƙa, sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Malam, a kawo abincin?"

Komawarmu ta ƙarshe wurin likitar ita ce ta fi mini nauyi. Ta ce ciwon ya tafi, ƙashi zai riƙa cikowa a hankali. Amma ƙugun da ya kama a karkace sai wani babban aiki, in ma jikinta ya yi ƙarfin ɗauka, kuma ko an yi da sanda za ta yi tafiya. Ƙodarta ta sha wahala, abin da ya lalace ba zai dawo ba, sai dai a tattali abin da ya rage. Ban so in tambaya ba, amma bakina ya riga ni: da mun zo tun lokacin da aka fara faɗa mana fa? Hajiya ta fassara. Likitar ta cire tabarau ta ba da amsa gajeriya. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ka ji ai, ba sai na juya maka ba."

Masu tambayata dalar Fir'auna, ban gan ta ba. Kogin Nilu ma ta tagar mota na hange shi, muna hanyar filin jirgi. Hajiya ta raka mu har inda ake tsayar da masu rakiya. Ta rungume Laure suka yi kuka. Ni kuma ta ce mini, "Ka iya tura keke yanzu. Saura ɗayan, maganar da na ce ka faɗa tana ji."

Muka iso gida ana shirin la'asar. Washegari tun da hantsi mata suka cika tsakar gida, 'yan sannu da zuwa, daga cikin gari da Tafoki, har da 'yan uwanta na Sabuwa. Ina zaune a zaure da maza, ina ba su labarin jami'in da ya shinshini daddawa, muryoyin matan na shigowa ta ƙofa. Suna ta duba wuyan suna salati, wai ina aka yanka. Sai na ji yayata, Yaya Abu, ta ɗaga murya.

"Ke dai Laure kin yi dacen miji. Wa ya taɓa kai mace Masar a garin nan? Ya sayar da shanunsa fa! Ki riƙa yi masa addu'a."

Wata ta ce, "Wallahi kuwa. Namu ko Funtuwa sai an yi faɗa."

Na kasa kunne in ji me za ta ce. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ya yi ƙoƙari."

Na bar labarin a tsakiya na miƙe. Wani ya ce, "Malam, ba ka ƙarasa ba." Na shiga cikin gida ba sallama. Matan suka ruɗe, ana jan mayafi ana matsawa, Yaya Abu ta ce, "Kai Haruna, lafiya? Ba ka ga mata ba ne?" Da yawansu suna nan ranar sunan ɗan ƙanena. Laure na zaune kan katifa a inuwa, sandarta a gefe. Na cire hula, na durƙusa a gabanta a kan ƙasa, na ce:

"Ku tsaya ku ji, don a gabanku na faɗi na farko. Laure, na ce ragwanci ne, alhali ciwo ne ke cin ƙashinki. Likita ya faɗa mini gaskiya na ƙi. Sarkin Aska ya ce bai ga abin cirewa ba, ni na tilasta shi. Kin ce mini ba haka likita ya ce ba, na ce ki buɗe baki. Ƙafar nan ni na karya ta. Masar kuma ba ni na kai ki ba, Yaya Mudi ne ya tasa ni gaba. A can kin yi ƙarya don ki rufa mini asiri, na yi shiru. Kin nemi gafarata a bakin ƙofar aiki, na amsa kamar ni ke bin ki bashi. Ba ki yi mini komai ba. Ni na zalunce ki. Ba sai kin amsa yau ba, ba sai don mutanen nan na kallo ba. Don Allah, Laure, ki yafe mini."